Tsohon Jirgin Yaƙi A Kan Tebur: Yadda Ake Tuƙa MiG-21 Daga Cikin Ɗaki

Ran 26 ga watan Satumba, 2025, Rundunar Mayaƙan Sama ta Indiya ta yi bikin sallamar jiragenta na yaƙi samfurin MiG-21 a garin Chandigarh, bayan sun yi mata aiki shekara 62. Kafin Indiya, ƙasar Romaniya ta ajiye nata cikin 2023, Kuroshiya kuma ta bi sahu a ƙarshen 2024. Ƙasashen da har yanzu suke tayar da wannan jirgi 'yan kaɗan ne, matuƙan da suka san shi ciki da waje kuwa kullum sai tsufa suke yi.

To, amma a daidai lokacin da ake jan jirgin zuwa gidajen ajiye kayan tarihi, mutane da yawa a ƙasashe daban-daban suna zaune cikin ɗakunansu suna koyon tuƙa shi a kwamfuta, tun daga tayar da inji har zuwa sauka. Wanda ya hango su daga nesa zai ɗauka wasan yara suke yi. Wanda ya matso kusa kuwa zai ga littafin jagora mai shafi ɗaruruwa a buɗe a gabansu, da takardar da suka jera ayyuka ɗaya bayan ɗaya. Gidan tarihi yana iya adana gangar jikin jirgi, amma yadda ake aiki da shi, watau abin da za a taɓa da fari, da abin da zai biyo baya, da dalilin yin haka, wannan yakan bi matuƙa ne zuwa kabari. Wannan ilmi shi ne na'urar kwaikwayo ta riƙe, shi ne kuma muke son mu bayyana wa mai karatu.

Daga Akwatin Link Zuwa Kwamfuta

Koyon tuƙin jirgin sama a ƙasa ba sabon abu ba ne. Cikin 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link, na garin Binghamton a Jihar New York, ya ƙera wani akwati mai siffar ƙaramin jirgi, wanda ke karkata dama da hagu da ƙarfin zugazugi irin na kayan kiɗan da ake ƙerawa a masana'antar mahaifinsa. Da fari ba a kula shi sosai ba, sai masu wuraren shaƙatawa. Amma cikin 1934, da aka ba sojan Amurka aikin kai wasiƙu ta sama, matuƙa fiye da goma suka halaka, galibi saboda rashin sabo da tafiya cikin duhu da hazo. Nan da nan hukuma ta sayi akwatunan Link guda shida. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000.

Na gida kuwa ya faro ne wajen 1980, lokacin da Bruce Artwick ya shirya manhajar tuƙin jirgi don ƙananan kwamfutoci, wadda kamfanin Microsoft ya fitar da irinta cikin 1982. A lokacin 'yan layuka ne kawai ake gani a kan gilashi. A yau akwai manhajar da ake kira DCS World, ta kamfanin Eagle Dynamics wanda aka kafa a Mosko cikin 1991. A cikinta kowane jirgi daban ake sayensa, sa'an nan kusan duk makunni da maɓalli da geji da ke mazaunin matuƙi yana aiki kamar na ainihi. Cikin 2014 ne wani rukunin masu shirya manhaja da ake kira Leatherneck Simulations ya fitar da MiG-21bis a cikinta, shi ne kuma jirgin da za mu ɗauka ya zama misali.

Wane Ne MiG-21?

Ofishin ƙere-ƙere na Artem Mikoyan da Mikhail Gurevich a Tarayyar Sobiyat shi ya zana jirgin, daga sunayensu kuma aka samo laƙabin MiG. Na gwaji mai fiffike kusurwa uku ya fara tashi cikin 1955, aka sa jirgin aiki cikin 1959. An ƙera fiye da 11,000 a Tarayyar Sobiyat da Indiya da Chekoslobakiya, ƙasashe wajen 60 kuma suka yi amfani da shi. Cikin jiragen da suka fi sauti gudu babu wanda aka ƙera da yawa kamarsa. Matuƙan Rasha sun yi masa laƙabi da balalaika, watau wata irin garayarsu mai ƙoƙo kusurwa uku, saboda siffar fiffikensa. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa baki bai wuce mita 7 da 'yan kai ba, amma yana iya gudun fiye da kilomita 2,100 a awa, watau ninkin gudun sauti biyu.

Mu ma a Nijeriya ba baƙo ba ne a wurinmu. Daga 1975 Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya ta karɓi MiG-21MF guda 25, da waɗansu shida masu kujera biyu na horo, bayan MiG-17 da aka yi aiki da su lokacin Yaƙin Basasa. An jingine su cikin shekarun 1990 saboda ƙarancin kayan gyara. Jiragen F-7NI da aka sayo daga ƙasar Sin, waɗanda suka iso wajen 2010, su ma jikokinsa ne. Shi MiG-21bis na cikin manhajar ƙanen MF ne. Ya fara aiki cikin 1972, injinsa ya fi ƙarfi, tankin da ke gadon bayansa kuma ya fi girma.

Dalilin ƙera jirgin ɗaya ne: ya tashi da sauri, ya hau sama da sauri, ya tare jirgin abokan gaba, ya harba, ya dawo. Duk wahalar da mai koyo zai sha daga baya, tushenta ke nan. Abin da bai taimaki wannan aiki ba, ba a ɗora wa jirgin nauyinsa ba.

Kafin Inji Ya Tashi

Da mai koyo ya buɗe manhajar, sai ya tarar da kansa cikin wani matsattsen mazauni mai launi tsakanin shuɗi da kore, irin fentin da Sobiyat ke shafa wa jiragenta. Komai a kashe yake. Dama da hagu makunnai ne jere, rubutun da ke kansu da harufan Rashanci, ko da yake ana iya juya shi zuwa Turanci. Gudu da kilomita ake auna shi, tsawo kuma da mita, saɓanin jiragen Amurka da Ingila.

Ba a murɗa mabuɗi kamar mota. Sai an kunna batir, an kunna janareta biyu, an kunna famfunan da ke turo mai daga tankuna, an shirya na'urar kashe gobara, an kunna rediyo an nemi izni, an cire totur daga makullinsa, kana a danna maɓallin tayar da inji, a zuba wa allura ido tana hawa sannu a hankali. Bayan wannan sai a kunna na'urorin da ke nuna wa jirgi sama da ƙasa da gabas da yamma. A cikinsu akwai wani ƙarfe da ke juyawa da sauri kamar katantanwar yara, wanda idan ya kama juyi ba ya yarda ya karkata, da shi ne kuma ake auna karkatar jirgin. Su ma sai an ba su lokaci, an daidaita kamfas. Sa'an nan a rufe murfin gilashi, a kulle shi, a liƙe shi don kada iska ta tsere. Ayyuka uku ne daban-daban, kowane da hannunsa.

Abin lura a nan shi ne, jirgin ba ya tunasar da kowa. Wanda ya tsallake famfo guda, injin zai tashi lafiya lau, sai an yi nisa cikin sama ya mutu. Wanda ya manta kulle murfi, iska za ta fizge shi a kan titi. Har gejin mai ma ba leƙa tanki yake yi ba: kafin tashi ake saita shi da hannu bisa yawan man da aka zuba, shi kuwa ya riƙa ragewa gwargwadon abin da ya wuce zuwa inji. In an saita shi ba daidai ba, ƙarya zai yi ta faɗi har tanki ya bushe. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Ga mai tuƙa MiG-21, sauri kan haifi abin da ya fi nawa muni.

Daga Rumfa Zuwa Sararin Sama

Wahala ta biyu ita ce fitar da jirgin zuwa titin tashi. Tayar gaba ba ta da sitiyari. Birkin iska ne, hannunsa kuwa yana jikin sandar tuƙi kamar birkin keke. In matuƙi yana son ya karya dama, sai ya taka fedar dama ya matse birki, tayar dama ta cije, jirgin ya juya. Ita wannan iska a kwalba take, a ƙasa ake cika ta, injin ba ya ƙara ta. Wanda ya yi ta matsa birki ba dalili, ranar sauka zai neme shi ya rasa. Haka kuma bayan an tashi an naɗe ƙafafu, wajibi ne a mai da hannun ƙafafun tsakiya, in ba haka ba iskar za ta yi ta zurarewa.

Wajen tashi ana tura totur har ƙarshe, a kunna wutar ƙari, watau a fesa mai tsagwaronsa cikin hayaƙin da ke fita ta bayan inji ya kama da wuta. Jirgin yakan bar ƙasa yana gudun wajen kilomita 350 a awa. Injin, wanda ake kira Tumansky R-25, yana da wani matsayi na gaggawa da ke ƙara masa ƙarfi ƙwarai idan ana ƙasa da mita 4,000, amma na 'yan mintoci ƙalilan aka yarda a yi amfani da shi. Man da ke cikin jirgin bai kai lita 3,000 ba. Wanda ya bar wutar ƙari tana ci kusa da ƙasa zai ƙone shi duka cikin kimanin minti goma. Saboda haka tun daga ɗaga hanci matuƙi ya fara lissafin dawowa.

A hancin jirgin akwai wani tsini mai kama da malfa. Ba ado ba ne. Injin ba ya iya shaƙar iskar da ta fi sauti gudu, don haka tsinin ke matsawa gaba ko baya da kansa, gwargwadon gudun jirgin, ya rage wa iskar ƙarfi kafin ta shiga. In ba a kunna shi ba, da an wuce gudun sauti da nisa sai injin ya shaƙe. Haka nan in aka tura sanda gaba da ƙarfi aka daɗe, ko aka yi ta tafiya a kife, mai ya daina isa famfo, wuta ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Akwai kuma gejin da ke nuna karkatar jirgi. A jiragen ƙasashen Yamma layin da ke wakiltar ƙasa ne ke karkata, alamar jirgin tana tsaye. A na Sobiyat alamar jirgin ce ke karkata. Wanda ya saba da na farko, in ya shiga gajimare, yana iya karanta na biyu a juye, ya ƙara karkata yana zaton gyarawa yake yi. Masu ƙera jirgin sun san haɗarin ruɗewa, shi ya sa suka sa wani maɓalli a jikin sanda, wanda in an danna shi jirgin zai miƙe da kansa.

Idon Da Ba Ya Gani Nesa

Na'urar radar jirgin tana cikin tsinin nan na hanci. Ba ta hango jirgi sai ya matso kamar kilomita 30, in kuma ta dubi ƙasa sai hoton ya dagule. Bugu da ƙari, da sifirit ake sanyaya ta, wanda ke ƙarewa kafin rabin awa in an bar ta a kunne. Na'urar da ke gargaɗin cewa abokin gaba ya auna ka kuwa 'yan fitilu huɗu ne da ƙara. Kafin a harba makami mai linzami sai an zaɓi ratayen da yake, an zaɓi irinsa, an saita ma'aunin saiti, duk da hannu, alhali jirgin yana cin kilomita 15 ko fiye a kowane minti.

A nan ne mai koyo yake gane abin da littafin tarihi kan faɗa masa a layi guda: ba a ƙera MiG-21 don ya yi farauta shi kaɗai ba. Jami'i ne a ƙasa, mai babbar radar, yake gaya wa matuƙi inda zai nufa da tsawon da zai hau, har ya kai shi bayan abokin gaba. Da wannan dabara matuƙan Biyetnam ta Arewa suka addabi manyan jiragen Amurka irin su F-4 da F-105: su kawo hari sau ɗaya da gudu, su wuce. Nguyen Van Coc, wanda aka lasafta masa harbo jirage tara, da MiG-21 ya yi aikinsa. Ran 2 ga Janairu, 1967 kuwa, da Kanar Robin Olds ya yaudari masu radar ƙasa, ya sa suka ɗauki jiragen F-4 a matsayin masu ɗauke da bama-bamai, Amurka ta ce ta harbo MiG-21 bakwai a yini guda. Fiffike mai kusurwa uku yana ba da juyi mai kaifi sau ɗaya, amma yana cinye gudu nan take. Wanda ya tsaya kokawa da shi ya zama nama.

Komai Nisan Jifa

Babbar jarrabawa ita ce sauka. Ƙaramin jirgin koyo irin Cessna 172 yakan tunkari titi da gudun wajen kilomita 120 a awa. MiG-21bis kuwa da wajen 340 yake tunkararsa, watau kusan tsawon filin ƙwallo a kowace daƙiƙa, hancinsa a ɗage yana kare wa matuƙi gaba. Don a rage wannan gudu, akwai wata dabara: ana ɗebo iska daga inji a hura ta a kan leɓatun bayan fiffike, ta ƙara wa jirgin ƙarfin tsayawa a sama. Amma fa sai inji yana aiki da ƙarfi take samuwa. Wanda ya saba da ƙananan jirage yakan ja totur baya gaba ɗaya da ya ga bakin titi. In ya yi haka a nan, iskar ta yanke, jirgin ya faɗo kamar dutse, ƙafafu su karye. Sai taya ta taɓa ƙasa ake rage totur, kana a saki laimar birki daga wutsiya, ita ma ba a sakinta in gudu ya wuce kilomita 320, don kada ta tsinke.

Mai koyo a gida yakan rusa jirgi sau da yawa kafin ya sauka lafiya sau ɗaya. Daga nan ne yakan fahimci abin da ya sami Indiya, inda jiragen MiG-21 ɗaruruwa suka faɗi cikin shekarun da suka yi aiki, har jaridun ƙasar suka yi masa laƙabi da akwatin gawa mai tashi. Cikin dalilan da aka sha ambatawa akwai tsufan jiragen, da karo da tsuntsaye, da kuma daɗewar da rundunar ta yi ba ta da jirgin horo na tsaka-tsaki, har ya zama ana ɗaukar samari daga jirgi mai tafiyar hawainiya a ɗora su kan wannan. Sai cikin 2008 jiragen horo samfurin Hawk na Ingila suka fara aiki a can.

Abin Da Kwamfuta Ba Ta Bayarwa

Kada mai karatu ya ɗauka wanda ya ƙware a ɗaki ya zama matuƙi. In jirgi na ainihi ya yi juyi mai tsanani, nauyin jikin matuƙi yakan ninka har sau bakwai ko fiye, jini ya sauka daga kai zuwa ƙafa, gani ya dushe. Na kan kujerar gida bai san wannan ba. Bai san zafin mazauni ba, bai san ƙarar da ke cika kunne ba, bai kuma san yadda kunnen ciki ke yi wa mutum ƙarya cikin gajimare ba. Abu mafi girma shi ne bai san tsoro ba, domin in ya faɗi maɓalli guda zai danna ya sake. Awoyin da aka yi a irin wannan manhaja ba a lasafta su wajen ba da lasin. Wanda ke son aikin, hanyarsa tana nan inda take: makarantu irin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa cikin 1964, ko kuwa horon soja.

Ya kamata kuma a tuna cewa waɗannan jirage kayan yaƙi ne. Kowane jirgin da aka lasafta wa wani gwarzo, da mutane a cikinsa, da iyali a bayansu. Kyawun hoto a gilashi bai shafe wannan ba.

Amfanin Da Ke Ciki

Duk da haka, ribar ba ƙarama ba ce. Ɗalibin kimiyya da ya haddace dokokin motsi da na matsin iska don jarrabawa, a nan zai ga suna aiki a gaban idonsa. Zai ga dalilin da ya sa fiffike ke daina ɗaukar jirgi in hanci ya ɗagu fiye da kima. Zai yi lissafin gudu da nisa da lokaci da mai, ya kuma ga sakamakon lissafinsa nan take. Zai koyi karanta taswira da bin siginar rediyo zuwa filin sauka, a kan taswirar yankin Kaukasus wadda ke zuwa kyauta tare da manhajar, mai filaye irin su Batumi da Kutaisi.

Kayan aikin dai ba su da araha. Ana bukatar kwamfuta mai ƙarfi, da sandar tuƙi da totur, da feda in da hali, da intanet mai ɗaukar kaya masu nauyi, da wutar lantarki da ba ta yankewa. Ita manhajar DCS World kyauta ce tare da jirage biyu, Su-25T da TF-51D, amma MiG-21bis da dala ake sayensa. Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai FlightGear, wadda masu sa kai suke shiryawa tun 1997, ba a kuwa biyan ko kwabo. Abin da ya fi ƙarfin ɗalibi ɗaya bai fi ƙarfin ƙungiyar kimiyya ta makaranta ko sashen injiniya na jami'a ba. Kwamfuta guda da sanda guda sun ishi aji su yi karɓa-karɓa.

Darasin da ya fi kowane girma kuwa bai tsaya ga masu sha'awar jirgi ba. Jiragen zamani kwamfuta ce ke tsare matuƙi daga yawancin kurakuransa. MiG-21 na wani zamani ne da ba abin da ke tsakanin mutum da halaka sai takardar jerin ayyuka da kuma halinsa na bin ta. Matuƙin da ya yi tashi dubu yana karanta takardar nan layi-layi kamar yadda ya karanta ta ran farko, domin ya san famfon da aka manta ba ya tambayar shekarun aikin wanda ya manta shi. Akawun da ke duba baucan kuɗi kafin ya sa hannu, da ma'aikaciyar jinya da ke sake karanta sunan magani, da injiniyan da ke auna siminti kafin a zuba dakali, duk aikin nan guda suke yi. Wanda ya zauna mako biyu yana koyon tayar da wannan tsohon jirgi daki-daki, har ya kai shi sama ya sauko da shi lafiya, ya koyi wannan hali, ko da kuwa bai taɓa taka filin jirgin sama ba.